Tatsuniyar Da Na Yi Da Rana

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar Talata abin ya fara lalace mini. Ina tsaye gaban 'yan aji uku na wata lakwal, wato makarantar firamare, a unguwar Bobiel, a shekarata ta ƙarshe ta koyon aikin malanta, Mushe Abdu kuma yana zaune a bayan aji, shi aka turo ya duba koyarwata. Sau biyu ake zuwa duba mutum. Wanda ya faɗi duka biyun ba a ba shi aji. Na ajiye alli, na ce da yaran zan ba su tatsuniya. Wata yarinya a bencin gaba ta toshe kunnuwanta, ta ce, "Madam, rana ce fa! Mai jin tatsuniya da rana ɓata yake yi a hanya."

Ba wai ban sani ba. A gidanmu ma da wannan dokar muka tashi. Na dai ɗauka dabarar Kakata ta fi ƙarfin rana.

A unguwar Harobanda muka girma, can hayin kogi, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya. Babanmu tela ne a unguwar Kalley, kullum sai ya haye gada ya dawo a gajiye. Kaka, mahaifiyarsa, ta zo mana daga Damagaram bayan rasuwar mijinta, kuma har ta bar duniya ba ta yarda da gas ba. Tana da murhunta a gindin katanga. In an gama cin tuwo sai ta tura itace ɗaya, ta miƙe ƙafafu, mu kewaye ta: ni, yayana Salisu, da 'ya'yan maƙwabtanmu Zabarmawa su uku, waɗanda suka iya Hausa a bakin wutar nan. Ni ce ta can gefe. Ba na magana, littafi ne a cinyata ko da duhu ya hana ni ganin baƙi. Kaka ta sa mini suna Malama Shiru.

"Ga baƙuwa ta iso," in ji ta, tatsuniya take nufi. "Wa zai ba ta tabarma?"

Sai mu ce mu ne, sannan ta fara.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta garin da wuta ta mutu masa gaba ɗaya, babu ko garwashi. Aka aiki wata yarinya hayin kogi ta ɗebo. Ta samu, ta zo bakin ruwa. Mai kwale-kwale ya ce in dai idonsa ya ga wuta ba za ta shiga jirginsa ba. Dorina ta ce za ta goya ta, amma in sun kai tsakiya sai ta nutse ta sha iska irin tata. Shirwa ta ce za ta kai wutar, amma ba ta yi alkawarin inda za ta sauke ba.

Nan Kaka ta yi shiru. Ta ɗauki tsinke tana tonon toka.

"Sai me ya faru, Kaka?" in ji Salisu.

"Ni ka tambaya? Ina can? Kai ne yarinyar. Yaya za ka yi?"

"Sai in ɗora a ka in yi iyo."

"Madalla da jarumi. In iska ta taso fa? Gashin nan naka da ba ya ganin mataji, shi zai fara ci."

Muka tuntsure da dariya. Kowa ya kawo tasa, ta ɗauka ta juya ta kamar mai zaɓen tumatir, ta nuna masa inda ta ruɓe, ta mayar masa ya gyara. Ba ta taɓa ce wa yaro ƙarya ne ba. Ba ta kuma ƙarasa tatsuniyar ba. Muka kwanta da ita a kanmu, washegari ma haka. Ni ina da amsa, kunya ta hana ni. Kaka ta lura, ba ta matsa mini ba, sai dai in ta kewaya da tambayar ta ɗan tsaya a kaina, ta wuce.

Wata ranar da ta tsaya a kaina sai na ce, a hankali, a saka garwashin a tukunyar ƙasa, a binne shi da toka. Mai kwale-kwale ba zai ga wuta ba, kuma ba za ta mutu ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Haka kike yi wa naki kafin ki kwanta."

Ta dube ni. "Ashe Malama Shiru idonta na cin abinci." Sannan ta juya ga sauran. "To, ita kuma ta yaudari mai jirgi. Wa ya yarda da haka?" Aka sake sabuwar gardama.

Da na girma na karanta a littattafanmu na koyon malanta cewa yaro ba ya fahimtar abu sai ya ɗora shi a kan abin da idonsa ya sani, kuma tambaya tana bukatar a jira ta. Na ja layi ƙarƙashin kowace jimla, ina murna, domin na ga aikin tsohuwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba. Na shirya darasin Talatar nan a tsanake, har inda zan yi shiru na rubuta.

A ajin, na lallashi yarinyar bencin gaba ta sauke hannuwanta. Na ba da tatsuniyar, na kai bakin kogi, na ce, "Ku ne yarinyar. Yaya za ku yi?" Na jira.

Ajin cike yake har bakin ƙofa, huɗu huɗu a benci, rufin kwano yana zubo zafi. Babu wanda ya ɗaga hannu. Duk sun naɗe hannuwa a ƙirji suna kallon bakina. Wani ya yi kukan akuya daga baya, aji ya kwashe da dariya, yarinyar gaba kuma ta fara kuka tana cewa ba za ta gane gida ba. Na tsaya har aka buga ƙarfen hutu, tablo, allon ajin, babu rubutu ko layi ɗaya.

Mushe Abdu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malama, me za su nuna wa iyayensu a kaye, littafin rubutunsu, yau? Zan dawo Alhamis ta sama."

Tun ranar nake tunani. Kaka tana da yara biyar, da wuta, da gobe. Ba wanda yake zuwa ya duba ta. Abin da ta ba ni gaskiya ne, na san shi a jikina, amma ban san inda zan ajiye shi a ɗakin nan ba. Wani lokaci sai in ga kamar ta koya mini sana'ar da babu kasuwarta.

Ana gobe zai dawo na sami Madam Zainabu, mai ajin, wadda ta fara koyarwa tun ban iya tafiya ba. Tana gyaran kayen yara a inuwar itacen bedi. Na ce ta gaya mini tsakani da Allah, in sake yi musu tambaya in jira, ko in rubuta su kwafa.

Ba ta ɗago kai ba.

"'Yata, ba rashin wayo ya sa suka yi shiru ba. Jira suke ki faɗi amsar su maimaita, abin da muka koya musu ke nan. Gobe ki cika tablo, ki ci jarrabawarki. Jiran yaro sai kin sami ajin kanki." Ta lashi yatsa ta buɗe wani kaye. "Ni ma haka aka ce mini. Na sami ajin. Lokacin ne har yau ban samu ba."