Kwandon da Taubashinsa Ya Ajiye

Damina bakwai ke nan da aka rufe ɗan farina a maƙabartar Gangara. Sau bakwai an shuka gero an girbe ba ya nan. Ni ban yi lakol ba, makarantar boko ke nan, hannuna bai san alƙalami ba. Zuwaira matarsa ce ke zaune gabana tana rubuta abin da ya fito bakina. Kada mai karatu ya yi mamaki in ya ji ina ta kewaye-kewaye ban kama sunansa ba. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta yabonsa cikin mutane, ba ta shigar masa faɗa, in ya mutu ma a ciki take kukanta. Mai kaji nake ce masa tun yana da rai.

Ba tatsuniya zan yi muku ba, ko da yake bakin ya saba. Babu gizo a cikin wannan, mutum ne.

Mai kaji ya yi aiki a wani babban gidan kaji a Maraɗi, ya dawo gida ya gina dogon ɗaki a bayan gidanmu, ya yi masa tagogin waya, ya zuba kajin turawa masu ƙwai. Tare da kajin ya zo da dokoki. A bakin ƙofa ya ajiye kaskon ruwan girezil, maganin kashe ƙwayoyin cuta, duk mai shiga sai ya tsoma ƙafa, ko liman ne. Baƙuwar kaza ba ta shiga gida, a gindin dogon yaron da ke waje take zama da kaskon ruwanta daban, har kasuwa ta ci ta sake ci, a ga lafiyarta. Wadda ta mutu ba a jefa ta juji kare ya ja ta gida-gida, rami ake haƙa mata mai zurfi a zuba toka. Rigakafi kuwa cikin ƙanƙara yake ɗauko shi, yana sauri kamar wanda ya ɗebo wuta a tafin hannu, ya bi su ɗaya-ɗaya yana ɗiga musu a ido. In ya gama da nasa sai ya zagaya maƙwabta ya ɗiga wa kajin gida, domin ya ce ciwo bai san darni ba.

Da farko an yi dariya. Kwanci tashi, aka ga sanyi ya zo ya wuce kajin unguwarmu suna tsaye, na wasu unguwanni sun kwanta. Sai sunansa ya zama shaida. In aka ce kaza daga gidansa ta fito, mai saye ba ya ɗaga fiffikenta ya duba.

To, ina da wa, Allah Ya jiƙansa, yana da ɗa Haro. Ɗan mace da ɗan namiji, kun san abin da ke tsakaninsu, taubasai ne, wasa har kabari. Haro dillalin kaji ne, yana bin kasuwanni da kwanduna a bayan moto mai ƙafa biyu, yau Agiye, gobe Gazawa. In ya shigo tun daga zaure za ka ji shi.

"Ina bawan nan nawa, likitan kaji? Yau wace ce ta tashi da ciwon kai?"

"Zo nan in ɗiga maka a ido, ubangijina, ko ka daina ganin tuwon mutane."

Sai Haro ya yi tsalle ya ƙetare kaskon, ya ce ƙafar ɗan namiji ba ta shiga ruwan bayi. Mai kaji ya bi shi da tsintsiya, mu yi ta dariya. A gabana suka girma, a ƙwarya ɗaya na dama musu fura. Ban san cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ba sai a kansu.

Ana nan, ana nan, sanyin wata shekara ya shigo, lokacin da ciwon kaji ke farkawa. Mai kaji ya tafi Maraɗi neman rigakafi, domin sababbin 'yan matan kajinsa sun isa a maimaita musu. Bai samu da wuri ba, ya tsaya jira. Ni kuma ina gidan suna a ƙauyen gaba. Da hantsi sai ga Haro da kwando cike da kaji, ya tarar da Zuwaira tana tsintar ƙwai.

Ta ce, "Ka san dokarsa. Kai su gindin itace."

Ya ce, "Haba amarya, bawana ne zai kafa mini doka? Ki bar su su kwana cikin ɗumi, ranar kasuwa in kwashe abina. Ko so kike karnuka su cinye mini jari, in zo in ɗauke ki a madadi?"

Ta hana, ya mayar da abin wasa. Mace kuwa ba ta kokawa da taubashin mijinta. Ya ƙetare kaskon kamar yadda ya saba, ya ajiye kwandon a ɗakin dusa, waya ce kaɗai tsakaninsa da kajinmu. Ranar kasuwa da safe, lokacin da hanya ta cika da masu amalanke, ya fito da kwandon ta ƙofarmu kowa yana gani. A kasuwa ya riƙa cewa, "Daga gidan taubashina suka fito, kun san hannunsa." Kafin azahar babu ko ɗaya. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, amma ban taɓa jin ƙadangaren da ya sha ya zuba dafi ba.

Mai kaji ya dawo da ƙanƙararsa ya tarar an riga shi. Kaji suka bar ci. Suka saki fiffike, suna buɗe baki suna jan numfashi, kashinsu ya koma kore. Ƙwai ya riƙa fitowa ba ɓawon kirki. Wasu wuyansu ya murɗe, suna kallon sama kamar masu roƙo. Na ga ɗana yana haƙa rami da safe, da yamma ya haƙa wani. Ba a jima ba mata suka fara zuwa ƙofarmu, kowace da matacciyar kaza a hannu, waɗanda suka saya wurin Haro suka zuba cikin nasu. Wata tsohuwa sa'ata, wadda da ƙwai take sayen gishiri da magi, ta ce masa, "Yaro, da sunanka na saya." Ya karɓi kazar ya kai rami.

Shi da kansa ya je Gazawa ya kira likitan dabbobi. Ya rufe ƙofarsa, ya hana a fitar da ko gashin kaza. Ya ƙone shimfiɗar ɗakin, ya wanke kasake, ya shafe bango da farar ƙasa, ya bar ɗakin wayam har zafi ya shigo. Mutane suka ce, kun gani, da ba daga gidansa ciwon ya fito ba, me zai sa ya kira likita? Tun daga ranar aka liƙa wa shekarar sunansa. Har yau in mata na lissafin haihuwa sai ki ji, ai an haife shi shekarar ciwon gidan wane.

Matar Haro ce ta zo mini jaje ta raɗa mini gaskiya. Kafin kwandon ya zo gidanmu, kaji sun fara faɗuwa a gidansu. Ya tsince masu sauran ƙarfi ya kawo mana, ragowar ya yanka ya kai wa masu gashi. Ya sani. Ba ɗumi ya zo nema ba, ƙofarmu ya zo ara. Da na gaya wa mai kaji, sai ya ce, "Inna, ɗan wanki ne. In na buɗe baki, ke da Kawu kun rabu. Kaji ana sake su." Ya sake kajin. Sunan ne bai dawo ba. Masu sayen ƙwai suka koma wani gida, maƙwabta suka fara ɓoye kajinsu in sun hango shi da kwalbar rigakafi. Damina biyu bayan haka zazzaɓi ya ɗauke shi. Ban ce Haro ya kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma ya tafi ana masa kallon wanda ya kawo annoba, shi da ya fi kowa tsare ta.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga gidajen kaji sun yi yawa a bakin hanya, daga Agiye har wajen Gidan Rumji. Zai ga rigakafi ya matso kusa, ana ajiye shi a firji mai aiki da hasken rana, ba sai an kwana Maraɗi ba. Wannan zai yi masa daɗi. Amma zai ga wani yana tallan kwalbar a tsakiyar rana, ta yi zafi ta mutu, ana saye ana ɗiga ruwan banza. Zai ga kaza ta kwanta sannan a tuna da ita, a ɓare mata ƙwayar maganin mutane a ruwa, a haɗa da barkono da ɓawon maɗaci. Kuma zai ga abin da ya fi ci mini rai: in ciwo ya shiga gidan mutum, ba ƙofa yake rufewa ba, kasuwa yake rugawa da su tun suna iya tsayuwa. Haro ɗaya na sani a da, yanzu kowace kasuwa da nata.

Wana ya rasu bara, zumuncin da ɗana ya saya da sunansa ya kai inda zai kai. Makon jiya muka yi sadakar shekara bakwai. Mutane sun cika ƙofar gida, sai ga Haro, gemu ya yi fari, da farin zakara a hammata.

"Gwaggo, ga na bawana, a yanka masa."

Na ce, "Ɗaure shi gindin itace, ka san dokarsa. Ba zakara nake so ka shigo da shi ba, Haro, magana ce. Ga mutane. Faɗa musu inda kwandon nan ya fito."

Ya dubi mutane, ya dube ni, ya yi 'yar dariya. "Kai, Gwaggo ta tsufa, har ta gaji wasan ɗanta." Ya ɗaure zakaran, ya shafa fatiha, ya hau moto.

Zakaran yana nan a waje. Zuwaira na kai masa ruwa a kaskonsa daban, domin ko na wa ne, haka mijinta ya koya mata. Ita ke riƙe da dogon ɗakin yanzu, kaskon girezil bai taɓa bushewa ba, kuma tun bayan wancan sanyi ciwo bai sake ƙetare shi ba. Abin da ya rage na ɗana ke nan, sai suna, shi kuma yana hannun da ba nasa ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi kara tun yana cikin goyo, na yi kara yana kwance, yau na ajiye ta. Ga Zuwaira hannunta ya tsaya, domin ita ma ba ta taɓa kama sunan ba. Rubuta, ɗiyata, ni na ce. Ciwon shekarar nan a kwandon Haro ya zo. Wanda ya rufe ƙofarsa don kada ya kai gidajenku, ɗana ne, sunansa Isuhu.