Layin Masu Rabin Ƙwaya

Yaya Rabi, jiya da dare na yi wani mafarki, har yanzu da nake rubuto miki bai sake ni ba. Ban gaya wa matata Maman Ilham ba. Kin san halinta, da na ce "na ga wani abu" za ta fara leƙen ƙwayar idona. Ke kika san abin tun daga tushe, shi ya sa na ce bari in sauke miki.

Sai na fara da zancen asibiti kafin ki gane. Alhamis ɗin da ta wuce na je ganin likita kamar yadda na saba. Da ta gama tambayoyinta na barci da cin abinci da ko ina jin muryoyi, sai ta ce akwai wani bincike da suke yi a kan irinmu da muka daɗe da samun sauƙi. Suna so su gano ko za a iya rage mana magani a hankali ba tare da ciwon ya dawo ba. Ta ce su ma ba su san amsar ba, shi ya sa ake binciken. Ƙuri'a ce za ta raba mutane gida biyu: wasu su ci gaba da sha yadda suke sha, wasu a riƙa rage musu kaɗan-kaɗan ana sa musu ido. Ba ni zan zaɓi gida ba, ita ma ba ita za ta zaɓa mini ba. Ta ce babu dole, in na ƙi ba abin da zai canja, ta kuma ja mini kunne kada in kuskura in rage da kaina. Ta ba ni takarda in karanta, in yi shawara, in kawo amsa Alhamis mai zuwa.

Shekara bakwai ke nan ina haɗiyar ƙwayar nan. Ban raina ta ba, ita ta mayar da ni shago. Amma kin ga ƙibar da na yi, kin ga yadda hannuna ke rawa. Aikin wuyan riga da aka san ni da shi, yanzu sai dai in miƙa wa Sabi'u maƙwabcina, ni in tsaya a yanka da haɗi. Na yi istihara kwana uku a jere. Jiya ne na ukun.

A mafarkin, na gan ni a zaune a kan bencin asibiti, katina a hannu. Bencin dai shi ne, mai ƙusar nan a gefe da ke kama riga, amma ba a asibiti yake ba. A tsakiyar tashar motar garinmu yake, wajen da ake lodin albasa. Mutanen da muke haɗuwa duk wata suna nan, har da dattijon nan mai jan carbi da ba ya yi wa kowa magana. Ba wanda ya yi mamakin wurin, ni ma ban yi ba. Ɗan kamasho ne ke kiran suna maimakon nas. Da ya zo kaina bai ce Sani ba, sai ya ce "Ɗantala", sunan da marigayiya Inna kaɗai ke kirana da shi.

Na tashi na shiga wata mota, sai kawai na ga ofishin likita ne. Tana zaune da farar rigarta, takardar nan a gabanta, amma takardar ta zama shadda, fara, tana ta zuba daga tebur har ƙasa. Ta miƙo mini allura da zare. Na karɓa. Yaya, sau ɗaya na zura zaren ya shiga. Na duba hannuna, ƙyam yake kamar na da. Na zauna na fara aikin wuya a jikin takardar, ina yi ina jin sanyi a ƙirjina. Na ce, "Likita, kin gani?" Ba ta ɗago ba, rubutu take yi.

Sai kawai na gan ni a waje, a wani fili mai faɗi da ban sani ba. Ƙasar wurin ja ce, an share ta tas kamar filin Idi. Mutane sun yi layi biyu, kowanne ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa. 'Yan layin dama kowa na riƙe da ƙwaya guda a tafin hannu. 'Yan layin hagu rabi ne a hannunsu. A tsakiya wani mutum na zaune a kan turmi da ƙwarya cike da ƙwallon dabino. In ka zo sai ya ɗauki ɗaya ya jefa sama, inda ya faɗi can za ka. Bai da fuskar mugunta, kamar mai awon hatsi yake aikinsa.

Na tsaya ina kallon 'yan hagu. Wasu na tafiya da sauri, jikinsu sakayau, har da mai dariya. Amma jefi-jefi sai in ga ɗaya ya fita daga layi ya zauna a ƙasa ya dafe kunnuwansa, sauran su kewaye shi su wuce. 'Yan dama ba wanda ya zauna, sai dai tafiyarsu a hankali take, kamar masu ratsa kogi.

Da layi ya zo kaina mutumin ya jefa ƙwallon. Na ɗaga kai ina jira. Bai faɗo ba. Na ce, "Malam, ina zan bi?" Ya riga ya juya ga na bayana.

Sai kawai ga ni a ɗakin nan na gidan mai maganin gargajiya, inda su Kawu suka kai ni na yi wata huɗu kafin ki zo ki fitar da ni. Komai na nan: tagar da aka toshe da buhu, kwanon roba, warin turare da fitsari. Wani mutum na zaune ya ba ni baya, sanye da shuɗiyar rigata ta wancan lokacin. Ya rame, ana ƙirga ƙasusuwan wuyansa. Na san ni ne, amma ban ji tsoro ba. Marin da ke ƙafarsa a buɗe yake, an cire kwaɗon, shi dai bai zare ƙafar ba. Na durƙusa na ce, "Ka ci abinci?" Ya ci gaba da kallon bango. Na ce, "An buɗe fa, tashi mu tafi." Sai ya miƙo hannu ta baya, bai juyo ba, ya buɗe tafinsa. Na rasa abin da yake nufi, ko roƙona yake in ba shi wani abu, ko nuna mini yake ba komai a hannunsa.

A nan na ji murya. Ba irin waɗanda nake ji a da ba, masu zagi da ba da umarni. Wannan daga bayan bango take, tana karanto sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya kamar mai sanarwa a rediyo. Ba da ni take ba. Na tsaya dai har ta ambaci tamu.

Na juya zan fita, sai na gan ki a bakin ƙofa da mayafin nan mai ruwan ƙasa da kika zo da shi ranar, takalmanki a hannu. Na ce, "Yaya, in sa hannu ko in bari?" Kika buɗe baki kika yi magana mai tsawo, har da nuna ni da yatsa yadda kike yi in kina so abu ya shiga kaina. Amma daidai lokacin aka tayar da injin markaɗe a bayan ɗakin. Bakinki kawai nake gani yana motsi. Na ce ki maimaita. Kika maimaita. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Sai na farka, ana kiran sallar asuba, injin maƙwabta kuwa da gaske yana ta ruri. Na yi alwala na tafi masallaci na dawo. Na sha maganina cif yadda aka rubuta, kada hankalinki ya tashi. Na yi barci sosai, na ci abinci, ba na jin komai a kunnena. Na buɗe shago a kan lokaci.

Abin da na kasa rabewa shi ne wannan. In amsar istihara ce, wane ɓangaren ne amsar, allurar ko ɗakin? In kuma ciwon ne ya fara ƙwanƙwasa ƙofa tun ba a rage komai ba, ai gara in sani da wuri. Zan gaya wa likita ranar Alhamis, ko da hakan zai sa ta ce ban dace da binciken ba, don na yi alkawarin ba zan sake ɓoye mata abu ba. Amma ita littafi ta karanta a kaina, ke kuwa kin ga ƙafata a mari da idonki.

Don Allah in kin san mai fassara na kirki, wanda ba zai ce aljanu ba tun kafin in rufe baki, ki tambayar mini shi. Kafin nan ke nake tambaya, Yaya. Da a ce da gaske ke ce a bakin ƙofar nan, kuma an kashe injin, me kike ce mini?