Kiristan da Ya Yi Mini Wa'azin Ƙarin Aure

A shekarata ta biyu a Madina na kasa zama wuri ɗaya. Matata da 'ya'yanmu biyu suna Zariya, takardar kawo su ta maƙale, kullum sai a ce mini gobe. Ɗakina yana unguwar Sultana, a saman wani shagon gyaran firji. In na dawo aiki sai in yi ta hawa da sauka, in sayi shayin da ba na marmari, in duba waya ko an amsa. Ko a Masallacin Annabi, inda kowa ke samun natsuwa, ina sallame salla hannuna zai tafi aljihu.

Aikina kula da injinan ban ruwa ne a gonakin dabino na Khaibar. Sau biyu a mako nake tuƙa motar kamfani zuwa can, tare da wani injiniya ɗan kudancin Kaduna, Kirista, wanda ya ba ni shekara goma sha biyar. Saboda addininsa, a wajen iyakar Harami aka kama masa gida, can nake biyawa in ɗauke shi. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Ina ce masa Yaya, shi kuma ya laƙaba mini Alhaji tun ban yi aikin hajji ba.

Tafiyar kusan awa biyu ce, kuma abu ɗaya yake cika ta da shi.

"Alhaji, an ba ku gona huɗu, ka share ɗaya ka zauna. Mu da aka hana mu ne muka san darajar ƙasa."

"Ai addininku ne ya hana ku, Yaya."

"Fastoci dai suka hana. Buɗe littafinmu ka gani. Yakubu mata huɗu ne suka haifa masa 'ya'ya maza goma sha biyu. Da ya tsaya a kan uwargida, da rabinsu ba su zo duniya ba. Yusufu ma ɗan amarya ne."

Wata rana na ce masa, to Adamu fa? Ai mace ɗaya aka yi masa.

"Haƙarƙari ɗaya aka cire," in ji shi, yana shafa gefen ƙirjinsa. "Taɓa naka ka ji saura nawa."

Hujjar da ya fi ji da ita kuwa, wai an rubuta cewa shugaban coci ya zama mai mace ɗaya. "In da kowa ɗaya aka yanka masa, me zai sa a ware shugaba a faɗa masa? Shi ya sa sau biyu ana so a naɗa ni dattijon coci ina zillewa. Ba na son in rufe wa kaina ƙofa."

Shekararsa talatin da aure, mace ɗaya. Yakan kira ta a hanya ya buɗe murya don in ji. "Mama, gaya wa Alhaji kin ba ni izini." Sai ta ce, "Na ba shi tun tuni, ɗana. Amma tambaye shi rufin ɗakin girkina da ya ce zai gyara tun kafin ya tafi Saudiyya." Ya yi ta dariya har da tari.

Ni ma dariya nake, amma maganar tana shiga. Akwai wani tsoho Bahaushen Chadi mai gidan abinci a layinmu, inda nake cin tuwo da miyar kuɓewa. Ya ga yadda nake zirga-zirga, ran nan ya zaunar da ni ya ce yana da 'yar ƙanwa, mijinta ya rasu, haifaffiyar Madina ce. Na je na gan ta sau ɗaya a gidansa. Mace mai kamun kai. Ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Larabci. Mako uku ina juya zancen, ban gaya wa kowa ba. Ina cikin ɗaure ƙusa sai in tsinci kaina ina tunanin labulen da za a sa a ɗaki.

Na zaɓi Yaya ya zama na farko da zai ji, don na tabbata zai yi mini guɗa. Mun wuce rabin hanya, inda baƙaƙen duwatsu suka shimfiɗu hagu da dama, na faɗa masa. Ya rage sanyin mota, ya juya yana kallon waje har muka isa.

Sai da muka gama duba injin farko, muka zauna a inuwar dabino, ya yi magana.

"Babana mata biyu gare shi kafin ya shiga coci. Aka ce ba za a yi masa baftisma ba sai ya sallami ɗaya. Shekara huɗu yana zama a bencin baya, ana cin Jibin Ubangiji ana tsallake shi. Daga ƙarshe ya gaji. Uwata ce ta biyu."

Na ce, "Yaya, ban sani ba."

"Ba faɗa suka yi ba. Uwargidan ce ma ta ɗaukar mata ƙullin kaya har tasha, tana kuka. Ni aka bar ni a gidan, ina da shekara shida. Tana ƙauyensu, tafiyar yini guda, sai Kirsimeti nake ganin ta." Ya tsinci busasshen dabino a ƙasa ya jefar. "Duk surutun da nake maka, da fastocin nan nake yi, sun kuwa daɗe da mutuwa. Yanzu gaya mini. Kwangilarka shekara-shekara ce. Ran da kamfani ya ce aiki ya ƙare, aka buga maka bizar fita, za ta bi ka Zariya? Ta gida ta sani?"

Raina ya ɓaci. Na ce addinina ya halatta mini, ba sai na nemi fatawa wurinsa ba.

"Na sani," ya ce. "Hujjojin da na ba ka ko malamanku ba su ba ka ba. Ni dai ina tambayar wadda za a raka tasha."

Muka koma Madina. Na sauke shi ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Kwana biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa. A na uku, bayan la'asar, na kira matata na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Baban yara, in aure ne ba zan hana ka ba. Amma ni ina ganin kaɗaici ne. Ka tambaye ta abin da mutumin nan ya tambaye ka."

Na je wurin tsohon, na faɗa masa gaskiyar kwangilata. Ya shiga gida ya fito, ya ce ta ce ko a mafarki ba za ta bar Madina ba, a nan aka binne uwarta, a nan take fatan a binne ta. Maganar ta mutu a nan. Na ji sanyi, na kuma ji kunya, don na gane ban taɓa tunanin abin da ita take so ba.

Ranar tafiya ta gaba na tsaya a ƙofar gidan Yaya da gurasa mai zafi da wake. Ya shigo mota, ya karɓa, ya dube ni.

"An fasa," na ce.

Ya gutsuri gurasa. "Kash. Ni da na riga na ba da ɗinkin babbar riga."

Ban samu natsuwa nan take ba. Sai da na ƙara wata biyar ina hawa da sauka kafin iyalina su iso, kuma kafin nan an mayar da Yaya garin Tabuk, bai ga matata ba. Tsohon kuwa ya yi mako biyu yana turo mini tuwo ta hannun wani, ba ya fitowa. Ranar da ya huce, shi da kansa ya kawo kwanon, ya ja kujera ya zauna, ya tambaye ni yaya ruwa a Khaibar bana.