Masarar da Ta Shiga Kotu

Ranar Litinin, biyu ga watan Yuli, magatakardan kotu ya fara haɗuwa da Mai Taki. Mutumin gajere ne mai tumbi. Ya shigo ofis yana haki, rungume da tsohon bokitin fenti, a ciki masara ta yi kore shar, har ta fi shi tsayi. Ganyenta ya share takardun kan tebur, ya taɓo fanka. Ya ce shaidarsa ce, a rubuta ta.

Tuhumar ba ta wasa ba ce. Masu duba ingancin kaya sun ɗebi takin zamani a shagonsa, gwaji ya nuna kusan rabinsa yashi ne. Idan laifi ya tabbata lasisi ya tafi, wataƙila har da gidan yari. Shi kuwa shekara da shekaru da bokitin nan yake ciniki. Kowace damina yakan auna wa mai ɗakinsa mudu guda na takin, ita ta raini masarar, shi ya girke ta a ƙofar shago. Manomi ya tsaya yana shakka, sai ya nuna masa ita da haɓa. Kyan masarar ya kai shi kansa ya fara yarda da takinsa. Tunda ta ciyo masa manoma, ya ɗauka alƙali ma ba zai gagara ba.

Magatakarda ya liƙa wa bokitin lamba, ya kai shi ɗakin ajiyar kayan shaida. Ɗakin ba taga. Aka yi ta ɗage zama, masara ta fara rawaya, Mai Taki ya fara ramewa. Ya roƙi a bar matarsa ta riƙa zuwa, don ita ta san kan masarar. Magatakarda ya duba ƙa'ida, bai ga inda aka hana shayar da shaida ba, ya yarda. Kullum sai ta zo da buta da wani ƙullin leda. Ɗakin ya ɗauki wari, mai shara ya ɗora wa ɓeraye laifin. Masara dai ta farfaɗo.

Ranar zama, Mai Taki ya ƙi shawarar lauyansa, ya dage a kira matar ta faɗa da bakinta. Lauyan gwamnati ya tambaye ta cikin ladabi ko takin shagon take zuba wa masarar. Ta dube shi kamar ya zage ta.

"Ni? Allah ya kiyaye, ɗan nan. Kashin kajina nake sa mata. Wancan na maigida ai da shi nake cike ramin tsakar gida."

Mai Taki ya yi tari, ya roƙi Maman yara ta sake tunawa da kyau. Ta ce ya bar ta, rantsuwa ta yi. Alƙali ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana goge tabarau.

An same shi da laifi. An ci shi tara, an soke lasisin, ya tsallake gidan yari saboda karonsa na farko ne. Bokitin kuma matar aka mayar wa, bayan ta sa hannu.

Shagon yana nan a buɗe, amma yanzu nata ne. Kashin kaji take sayarwa buhu-buhu, manoman da suka ji labarin kotu suna layi. Mai Taki ke ɗinke buhuna yana ɗora su a baro. Bokitin yana ƙofa, kuma har yau shi ke nuna shi da haɓa.