Maki Uku na Yaya Lanfen

Idan takarda za a bi, babu direban da ya kai Pang Lanfen ganganci a duk gundumarmu. Ta tsallake danja a garuruwan da ba ta taɓa taka ƙasarsu ba. Ta yi gudun wuce ƙa'ida a babbar hanyar da ko a bas ba ta taɓa bi ba. Akwai ranar da takarda ta ce tana can kudu tana tuƙi da waya a kunne, alhali tana bakin kasuwa tana yanka awara, mu da muka saya a hannunta shaida ne. Shekara goma sha huɗu matar nan tana da lasisi, kuma tun ranar da ta bar makarantar koyon tuƙi hannunta bai sake taɓa sitiyari ba.

Ba don ado ta yi lasisin ba. Ta haye arba'in da kaɗan lokacin da ta ƙudurta sayen 'yar ƙaramar motar kaya, ta riƙa kai awara da madarar waken suya ƙauyukan bayan dutse, maimakon ta zauna jiran masu saye. Tuƙin kansa bai ba ta wuya ba. Jarrabawar kwamfuta ce ta gasa mata aya a hannu, domin karatunta a aji huɗu ya tsaya, kuma tambayoyin nan kamar da gangan aka murɗe su. Sai a zama na huɗu ta haye, da kyar. Daga nan kuɗin motar suka bi hanyar da kuɗin talaka ke bi: bikin 'yarta ya ci rabi, rufin ɗaki ya ci saura. Lasisin ya shiga aljihun tebur ya kwanta.

To amma a wurinmu lasisi ba ya kwanciya a banza. Kamara lambar mota ta sani, ba direba ba, balle da kowa ya iya sauke marfin kare rana ya rufe rabin fuskarsa. Mota kuma ba ta wuce gwajin shekara sai an wanke mata laifuffukanta, wato sai wani ya je ofishin 'yan sandan hanya da lasisinsa ya ce shi ne ke tuƙi, a zabge daga maki goma sha biyun da ake ba kowa a shekara. Mai lasisin da ba shi da mota kuwa, makinsa na nan cur. Haramun ne, kowa ya sani, kuma kowa yana da wata gwaggo.

Da kwalin madara suke zuwa, ko jakar tuffa. A zauna, a tambayi ciwon gwiwarta, a yaba awara, a yi maganar tsadar wake. Sai an miƙe za a tafi, har an kai bakin ƙofa, sannan a juyo.

"Af, Yaya Lanfen, na kusa mantawa. Bana maki nawa suka rage miki?"

Ba ta taɓa karɓar ko yuan ɗaya ba, tana ganin sayar da maki abin kunya ne. Amma madarar ta riga ta shiga ɗaki, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai ta rufe tebur da wuri, ta hau bas zuwa cikin gari, ta ja lamba, ta tsaya a gaban taga ta ce, "Ni ce." Mijin 'yarta, ɗan ƙanen mijinta, maƙwabcin da ya taɓa ara musu tsani, duk ta ɗauki kayansu. Ni dai abin yana ba ni haushi, domin waɗanda suka fi yawan zuwa su ne waɗanda ba ka ganin ƙeyarsu ranar da take neman mai ɗaga mata buhu.

A bazarar da ta wuce ƙodar mijinta Meng Changgui ta gaza. Tsohon ma'aikacin kamfanin siminti ne, mutum marar yawan magana, kuma yanzu sau uku a mako ake yi masa wankin ƙoda a asibitin gunduma. Zuwan da sauƙi. Dawowar ce masifa, domin yakan fito jiki babu ƙwari, ga jiran bas a tsaye, ga girgiza a hanya. Wata rana ya sulale ya faɗi tun kafin bas ɗin ya iso, goshinsa ya fashe. Kuɗin tasi kuwa ya fi abin da awara ke kawowa a yini. Lanfen ta sayar da 'yan kunnenta, ta haɗa da abin da ke ƙasan akwati, ta sayi wata akwalar mota ja a hannun mai gyaran babura. Kullum idan ta tashi daga kasuwa sai ta je filin da ake shanya masara, ta yi ta zagaye, mota na mutuwa tana tayarwa, har ƙafarta ta fara tuna kuloci.

Meng ne ya ce mata, "Kafin ki hau titi, je ki duba abin da dangi suka bar miki."

Ta sha zuwa ofishin nan, amma ba ta taɓa zuwa don kanta ba. Ma'aikaciyar da ke taga ta biyu, wata siririya mai tabarau, ta karɓi lasisin ta buga lamba, ta juyo mata da allon. Danjar da mijin 'yarta ya tsallake ta ci shida. Gudun ɗan ƙanen Meng ya ci uku.

"Saura uku, Inna."

"To, sun ishe ni. Ba nisa zan yi ba."

"Ki dai gane. Ukun nan ba duka ne naki ba. Ranar da na ƙarshe ya tafi, riƙe lasisin za a yi. Sai kin yi kwana bakwai a aji, sannan ki sake jarrabawa."

"Ta kwamfuta?"

"Ita."

Lanfen ta ƙura wa allon ido. Wancan karon da idonta garau sai da ta zauna sau huɗu, yanzu kuwa ko lambar wayar 'yarta sai ta miƙa hannu nesa take karantawa. Ta san ba za ta sake ci ba. Ta tambayi abin da ke cin maki uku, aka lissafa mata: ɗaga waya, ƙin tsaya wa mai ƙetare titi a kan zane, da wasu da ba ta riƙe ba. Ta tambayi yaushe za a cika mata sha biyunta, aka ce sai bayan sanyi ya wuce. Ma'aikaciyar ta sake duba shekarun baya a allon, ta dubi furfurar da ke kanta, ta girgiza kai.

"Inna, don Allah ki rage gudu. A shekarunki!"

"Zan rage, 'yata," in ji Lanfen.

Ba a yi mako biyu ba sai ga Deshun. Shi ne autansu, kuma ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana 'yar shekara goma sha uku. Yana da motar kaya tasa ta kansa, yana yi wa wani kamfanin aike-aike jigila. Shi ba ya zuwa da madara, ba baƙo ba ne. Ya shiga kicin ya ɗauki awara daga kasko yana hurawa, ya faɗi abin da ya kawo shi baki cike. Kamara ta kama shi da gudu, maki uku. Nasa saura biyu, na matarsa sun ƙare tun damina. Kamfanin kuwa ba ya jiran direban da aka riƙe wa lasisi, mutum goma na layi suna jiran gurbinsa.

"Uku kawai, Yaya."

"Ukun ne suka rage mini."

"To ai ya yi daidai kenan!"

"Idan suka tafi, riƙewa za su yi."

"Kwana bakwai ne fa. Ki je ki zauna a aji ki yi gyangyaɗi, akwai ma ɗumi. Ke me za ki rasa?"

Ta nuna masa jar motar da haɓa. Ya leƙa ta taga, ya fashe da dariya har da ƙwarewa.

"Wannan gwangwanin? Haba Yaya, ke da tuƙi? So kike ki ƙarasa mana Yaya Meng? Bari, ni zan riƙa kai shi."

Ya taɓa yin wannan alkawarin a bazara. Sau biyu ya zo. Ba mugunta ba ce, aikinsa ne ba ya barin mutum ya san inda zai kasance gobe, kuma ita ma ta san haka. Yana da yara biyu a makaranta da bashin mota a wuya. Daga cikin ɗaki, inda yake kwance, Meng ya ɗaga murya da kyar.

"Ki ba shi, Lanfen. Bas ɗin bai kashe ni ba."

Wannan maganar ta fi komai yi mata ciwo. Washegari dai Deshun ya zo da motarsa, ita kuma ta ɗauki lasisi ta shiga, domin bakinta bai taɓa koyon hana shi komai ba. A hanya yana ta ba ta labarin ƙaramar 'yarsa da ta ci gasar lissafi.

Lambarsu ta faɗa taga ta biyu. Mai tabarau ta buga lambar motar, hoto ya fito: marfin kare rana a sauke, hannaye biyu manya a kan sitiyari, da agogon maza. Ta dubi hoton, ta dubi Lanfen, ta dubi mutumin da ke tsaye a bayanta yana kallon rufi.

"Inna, ke ce ke tuƙi a nan?"

Kada a yi mata ƙarya a ce son gaskiya ne ya kama ta a ranar. Gajiya ce kawai. Ta gaji da tashi niƙan wake, ta gaji da tallabar mutumin da ya fi ta nauyi a matakalar bas, ta gaji da wannan tagar. Ta buɗe baki don ta faɗi abin da ta saba faɗa, sai ta ji babu ƙarfin ɗaga shi.

"Ba ni ba ce."

"Yaya!"

Ta miƙa hannu ta janye lasisinta daga bakin tagar, ta sa a aljihun ciki. Ma'aikaciyar ta dai jira. Na bayansu a layi suka fara tsaki. Deshun ya daɗe a tsaye, wuyansa ya yi ja, sannan ya zaro nasa ya ajiye.

A waje bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Kowa kin yi wa. Har mai tsani kin yi wa. Sai ni da kika goya."

"Na goya ka, Deshun. Yanzu wani nake goyo."

Ya bar ta nan, ta koma gida a bas. Kafin mako ya zagayo ta ji a bakin matarsa cewa an ba wani gurbinsa. Ta aika musu da awara da ƙwai, aka karɓa, ba a aiko da godiya ba.

Ranar da ta fara kai Meng da kanta ana yayyafi mai sanyi. Ta shimfiɗa masa bargo a kujerar baya, ta kashe wayarta ta jefa a jaka, ta kama sitiyari da hannu biyu. A giya ta biyu ta riƙe motar, ba ta ƙara ba. Motoci suka yi dogon layi a bayanta suna ta hon, wani mai babur ya wuce yana tambayarta ko gawa ta ɗauko. Ba ta kula ba. Duk inda ta ga zanen masu ƙetarewa sai ta taka birki, ko da babu kowa.

A mashigar gari, a tashar bas ɗin da ke gaban gidan mai, ta hango shi. Yana tsaye cikin masu jira, babu lema, ya cusa littafin dokokin hanya a cikin riga don kada ya jiƙe. Ajin waɗanda aka riƙe wa lasisi a bayan asibiti yake, hanyarsu ɗaya. An ja layi mai ruwan ɗorawa a bakin tashar, ga kamara a kan sanda tana kallon wurin. Lanfen ba ta tuna ko maki nawa tsayawa a nan ke ci ba, ko ma tara ce kawai. Ma'aikaciyar ta faɗa, ko ba ta faɗa ba, ta manta.

"Ga Deshun," in ji Meng.

"Na gan shi."

"Ruwa na dukansa."

"Ba a tsayawa a nan."

Da mai gudu ce, da sun wuce kafin ya ɗago kai. Amma tafiyarta ba ta fi ta mai keke ba, don haka ya ga jar motar tun daga nesa, ya gane ta, har ya ɗan matso bakin titi. Ta zo daidai da shi, ta wuce shi a hankali, idonta a kan hanya. Meng ya ɗaga masa hannu ta gilashi. Ba ta duba madubi ta ga ko ya mayar ba, domin hawaye sun fara rufe mata ido, ga kuma danja a gaba.