Yadda Na Yaudari Audugar Sista

Shekara da shekaru kuna tambayata abin da ya sami hannuna, ina ce muku injin niƙa ne. Ba inji ba ne. Kuturta ce.

Tun safe nake zagaya tsakar gida da wayar nan, in zauna in tashi. Da yatsa ɗaya nake danna haruffan, ku yi haƙuri da ni.

Ni ɗan Maguzawa ne, mishan suka sa ni makaranta, kuma ban taɓa zuwa na biyu a aji ba. A ƙarshen shekarun sittin aka haɗa ni da wata Baturiya ma'aikaciyar jinya, mutanen Gaya suna kiranta Sista Doguwa. Ba albashi. Abinci, ɗaki, keke, da alkawarin za su tura ni ƙasarsu in karanta aikin asibiti. Alkawarin nan shi ne duk abin da na mallaka.

Kutare muke bi. Yau Kademi, jibi Gafasa, ranar kasuwa Ajingi. Mu kafa tebur a gindin tsamiya, in yi tafinta, in raba ƙwaya, in wanke gyambo. Kafin a fara sai in karanta aya in yi addu'a. Kusan duk Musulmi ne. Su yi shiru har in gama, su karɓi maganinsu su wuce gona.

Da auduga ake gwaji. Mutum ya rufe ido, a taɓa fatarsa da silinta, ya nuna wurin. In bai ji ba, an gane kuturta ce.

Wata damina na ga tabo a cinyata. Na ce kyasbi ne. Na rufe ƙofa na goga masa auduga. Ban ji komai ba.

Bayan 'yan watanni ƙaramin yatsana na hagu ya fara mutuwa.

Duk shekara Sista takan gwada hannayen ma'aikatanta. Ni kuwa na san yadda take yi: daga babban yatsa take farawa ta bi su a jere, kuma kafin ta taɓa sai ta ɗan ja numfashi. Na rufe ido ina sauraron numfashinta, ina nunawa.

"Lafiyarka ƙalau, Ishaya," ta ce. "Takardun tafiyarka sun kusa fitowa."

Na koma ɗibar ƙwaya a ɓoye, in sha yau in tsallake gobe. Ni da nake yi wa mutane faɗa a kan fashin magani.

Wanda ya kama ni Baba Sale ne, wani tsohon majinyacinmu a Gafasa, hannunsa na dama babu yatsa ko ɗaya. Ranar na sauke tukunyar da muke dafa allurai daga wuta, ina ta surutuna. Ya yafuto ni ya juya tafina. Yatsan ya yi bororo, ban ma sani ba.

"Malam, ashe ka daɗe da shigowa gidanmu, ko sallama babu."

"Baba, ƙuna ce kawai."

"Ƙuna ce mana. Ni ma da ita na fara. Kai za ka faɗa wa Doguwa ko ni?"

"Baba, ka rufa mini asiri. Saura wata biyu in hau jirgi."

Ya ɗaga dungun hannunsa har gaban hancina. "To in ka je, da wanne za ka riƙe alƙalamin?"

Na zage shi a raina. Na daina gaishe shi. Na sake ɓata mako uku, ba na iya zama wuri ɗaya, sai hawa keke ba inda za ni. Sai da na ga yatsu biyu sun fara lanƙwashewa na miƙa wa Sista auduga, na ce ta hautsina jerin, ta kuma riƙe numfashinta.

Sau biyar ta taɓa ni. Ban nuna ko ɗaya ba.

Ta zauna a kan akwatin magani. "Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi."

Aka kai ni asibitin kutare. Suka tsaga fatar kunnena suka shafa ruwanta a gilashin gwaji. Likita ya matsa jijiyar gwiwar hannuna, na yi ƙara. Ya ce, "Da bara ka zo, da hannunka yana nan yadda yake."

Kullum da safe a jiƙa hannu a ruwa, a kankare kanta da dutse, a shafa man gyaɗa, a yi ta miƙar da yatsu. Sai ƙwaya. Wani lokaci zazzaɓi ya taso, jijiyar ta kumbura kamar igiya, in yi ta duba sauran yatsun ina jiran na gaba.

Innata ta zo sau ɗaya. Ta ajiye ƙwaryar fura daga nesa ta ce, "Kai da ka tafi warkar da su?"

Maganin kyauta ne. Amma da gurbin karatuna na biya, wani aka tura. Mishan suka ɗauki hotona da bandeji suka aika wa majami'unsu. Hoton ya hau jirgi, ni ban hau ba. Da gwamnati ta karɓi asibitocin mishan Sista ta koma gida. Wasiƙa ɗaya ta rubuto.

Har yau abin yana ci mini rai. Amma ba su suka saurari numfashin ba. Ni ne.

Na yi shekaru ina shan ƙwaya kafin gilashin ya fito babu komai. Na warke. Yatsu biyu ba su miƙe ba, takwas sun tsira, da su na ci abinci ina rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya.

Na gode wa Allah. Na gode wa Sista, duk da komai. Na gode wa Baba Sale, wanda bai taɓa cewa amin a addu'ata ba, ya kuma rasu ban koma na gaishe shi ba.

In kun ga tabon da ba ya ƙaiƙayi, ba ya jin taɓawa, ko kun ƙone ba ku sani ba, ku tafi asibiti a makon. Yanzu maganin na watanni ne, kuma kuturta tana warkewa. Kada ku yi fashin ƙwaya. Kada ku gwada kanku, ku bar wani ya gwada ku.

In ya ce ku rufe ido, ku rufe da gaske. In ba ku ji ba, ku ce ba ku ji ba.