Goyon Malam Ɗalhatu a Jirgin Ruwa

Malam Ɗalhatu Nasidi mutumin Malumfashi ne, direba, shekararsa goma sha shida a Doha. Ya fara da motar kai leburori wurin gini, ya koma bas ɗin makaranta, daga baya ya zauna a gidan Injiniya Mansur da matarsa Likita Ruƙayya a unguwar Ain Khaled. Kwana kuwa a unguwar Mu'aither yake yi, ɗaki ɗaya da wasu 'yan gida uku masu aikin gadi. 'Ya'yansa biyar suna Malumfashi wajen matarsa Zuwera. Hutu sai bayan shekara biyu yake samu, don haka yawancinsu ya bar su ne a ciki ko a zanen goyo, ya koma ya tarar suna guje-guje a tsakar gida. Bai taɓa ganin ranar da wani ɗansa ya fara tafiya ba. Ba ya kuma ɗauko wannan zance. In an tambaye shi iyali sai ya ce lafiya lau, babban ma, Ismail, ya kusa gama sakandare.

A gidan Injiniya yara biyu ne: Haulat mai shekara takwas, da ƙanenta Muhsin mai shekara biyu da 'yan watanni. Kullum da safe Malam Ɗalhatu ne ke ɗaure Muhsin a kujerarsa ta bayan mota ya kai shi gidan raino a Aziziya. A hanya suna ƙirga tankoki, yaron yana nuna su da yatsa yana ihu. Sunan direban ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya mayar da shi Baba Ɗalla.

Da sanyi ya shigo, manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa suka fara tsayawa a tashar Doha, Injiniya ya yanke shawarar su yi kwana bakwai a cikin ɗaya, don Likita ta shekara uku ba ta huta ba. A mota aka yi ta muhawarar, Malam Ɗalhatu yana tuƙi yana ji. Likita ce ke karanto ƙa'idodin jirgin daga wayarta. Wurin wasan da ake barin yara a tafi sai ɗan shekara uku wanda ya daina sa famfas, don haka Haulat kaɗai za a karɓa. Ƙananan suna da nasu ɗakin wasa, amma dole babba ya zauna tare da su. Akwai ɗakin raino na 'yan sa'o'i a yini, sai dai Muhsin ba ya yarda da baƙuwar fuska. Da aka fara kai shi Aziziya ma sai da ya yi wata guda yana kuka. Sanatu, mai rainonsa 'yar Zangon Kumasi, ta tafi gida jinyar mahaifiyarta. An kira kakarsa a Zariya, ta ce ita da ruwa sai na buta. Da Injiniya ya ce a bar shi gidan abokinsa, Likita ta ce sam.

"To sai mu yi karɓa-karɓa," in ji Injiniya.

"Karɓa-karɓar da muke yi a gida za mu je mu yi a kan ruwa? Ina hutun?"

Ana cikin haka Muhsin ya cire takalminsa ya jefar, ya fara rigima. Malam Ɗalhatu bai ko waiwaya ba, ya ce, "Muhsin, ga tanka can, ja." Yaron ya yi tsit yana leƙen taga. Mata da miji suka dubi juna.

"Malam Ɗalhatu," Injiniya ya ce, "ka taɓa shiga jirgin ruwa?"

"Kwalekwale dai, Yallaɓai, ina yaro."

Da ya gane inda aka dosa sai ya ji kunya ta kama shi. Ya ce shi fa ko famfas bai taɓa ɗaurawa ba, raino ba aikin da ya sani ba ne. Likita ta ce daga karin kumallo ne kawai zuwa la'asar, sauran lokacin nasu ne, kuma in ya ce a'a ba komai. Ya nemi a ba shi kwana biyu. A ɗakinsu na Mu'aither, Ɗantala mai gadi ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce daga direba an samu ƙarin girma an koma Inna. Duk da haka Malam Ɗalhatu ya amince. Shekara da shekaru yana sauke mutane a bakin tashar nan, yana son ya ga abin da ke ciki. Injiniya ya yi zirga-zirgar takardu, aka tafi.

Jirgin gari ne guda, bene kan bene, har ya ɓata sau biyu tsakanin ɗakinsa da wurin cin abinci. Safiyar farko da ya shiga ɗakin wasan ƙananan yara ya tarar duk mata ne, iyaye da masu raino, suna zaune a ƙasa kan shimfiɗa mai laushi. Ma'aikaciyar wurin ta dubi furfurar gemunsa ta tambaya ko shi ne kakan yaron. Ya ce direbansu ne. Ta rubuta sunansa ta nuna masa inda ake ajiye takalmi. Wata tsohuwa 'yar Indiya da ta zo da jikarta ita ta koya masa canjin famfas, da hannu kawai, don ba su da yare ɗaya. Ya yi na farko a baibai, ta kwance ta sa ya sake. Kwana biyu komai ya tafi daidai.

Rana ta uku jirgin ya tsaya nesa kaɗan da wani tsibiri, ana kai mutane gaɓa a ƙananan jirage. Injiniya da Likita da Haulat suka tafi, aka bar Muhsin saboda zafin rana da doguwar tafiya. Kuskuren da Malam Ɗalhatu ya yi shi ne ɗaga yaron ya ga teku. Muhsin ya hango mayafin uwarsa a ƙaramin jirgin yana nisa, sai ya ƙwalla ƙara.

Tun hantsi yake kuka har rana ta take tsaka. An ba shi ayaba ya jefar, an sa shi a keken yara ya banƙare. Ma'aikaciyar ɗakin raino ta ce a kawo shi ta gwada, yana ganin ta miƙo hannu ya ƙanƙame wuyan Malam Ɗalhatu kamar zai shaƙe shi. A Doha in irin haka ta faru, maganin ɗaya ne: a sa shi a mota a zaga unguwa sau biyu, barci ya kwashe shi. Nan kuwa ba mota, ba titi, ba tanka. Ya yi tunanin kiran Likita, sai ya tuna yau ce rana ta farko da ya ga ta fita tana dariya. Da ya duba wayarsa ya ga tana kama layi, sai ya kira Zuwera ta bidiyo.

Ta ɗauka tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Da ta ga fuskarsa a jiƙe da gumi, ga yaro yana tsala kuka a kafaɗarsa, ta ajiye faifan ta yi dariya har da hawaye.

"Zuwera, ba dariya na kira ki yi ba."

"Yi haƙuri, Malam. Juyo da shi in gani." Ta duba. "Wannan ai barci ne ya ci ƙarfinsa, ga kewar uwa. Goya shi."

"In goya shi? Ni?"

"To wa ya san ka a can?"

Ya shiga wani lungu kusa da wurin ninƙaya inda aka jera tawul-tawul, ya ɗauki biyu, ya jingina wayar a kan kujera. Zuwera tana faɗa yana yi. Ya sunkuya, ya ɗora yaron a gadon baya, ya danne hannuwansa a hammata. Ya rufa tawul ɗaya ya soke a ƙirji, ya tallafo ƙasan. Na biyun ya naɗe shi ya yi majanyi, ya ɗaure tamau. Sau biyu Muhsin yana zamewa, ita kuma tana cewa, "Ƙara sunkuyawa, bayanka kamar katako!"

"Yanzu sai me?"

"Sai tafiya. Kar ka yi masa magana. Ka riƙa ɗan bubbuga shi a hankali."

Ya kama doguwar barandar da ta zagaye jirgin, ɓangaren inuwa, waya a hannu ɗaya, ɗayan yana bubbugawa. Kukan ya koma shessheƙa, shessheƙar ta koma ajiyar zuciya. Kafin ya gama zagaye na biyu ya ji nauyin yaron ya sauko gaba ɗaya, kumatunsa a tsakanin kafaɗunsa, ɗumin numfashinsa yana ratsa rigarsa.

"Ya yi," ya faɗa cikin raɗa.

"Wannan ai mai sauƙi ne," in ji Zuwera, ta koma tsintar shinkafarta. "Ismail ba ya barci sai ina daka. Mubarika kuwa cizon baya take yi, har yanzu da tabon. Na ukun da ya yi ƙyanda kwana uku bai sauka daga bayana ba, da shi nake salla."

Malam Ɗalhatu ya tsaya cak. "Ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba, Malam. Kuma wayar wancan lokacin minti nawa ce? Daga an ce lafiya lau ta yanke."

Ba da zafi ta faɗa ba. Ya dubi ruwan da ba shi da iyaka, ya ce zai sake kira. Sa'a biyu ya yi da goyon nan, yana tsoron kwancewa. Da azahar ta nemi wucewa ya sami kusurwa, ya tambayi wani ma'aikaci alƙibla, ya yi sallarsa da yaron a baya, yana sujada a hankali.

A haka Likita ta same shi da suka dawo, yana zaune a bakin kujera don kada ya jingina. Ta sunkuya ta leƙa fuskar yaron. Sannan ta ce, "Sannu, Malam Ɗalhatu. Ni kaina rabona da goya shi tun yana wata biyar." Injiniya ya zaro waya zai ɗauki hoto, Malam Ɗalhatu ya ce a ɗauka, amma Zuwera kaɗai za a tura wa.

Sauran kwanakin, duk lokacin da yaron ya yi barcin rana kuma waya ta kama, sai ya kira gida. Ya bi 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya: wa ya fara haƙori da wuri, wa ya yi jinkirin magana, me kowa ya fara furtawa. Zuwera tun tana mamaki har ta saba, ta riƙa tuno wasu ta ajiye masa.

Da suka dawo Doha, Ɗantala ya tarbe shi da "Inna ta dawo." Ya ce masa eh, ta dawo. Da bazara ya nemi hutun wata uku maimakon ɗaya, Injiniya ya ba shi. Autarsa Shakira tana da shekara ɗaya da rabi lokacin. Tana ganinsa ta ruga bayan uwarta, sai a rana ta tara ta yarda ya ɗauke ta. Bai goya ta ba, don a Malumfashi kowa ya san shi. A wuya yake ɗora ta su je kanti sayen biskit, tana riƙe da kunnuwansa.

Sanyin da ya biyo baya iyalin Injiniya suka sake tafiya. Muhsin ya cika uku, ya bar famfas, wurin wasan yara ya karɓe shi, ba a buƙatar kowa. Malam Ɗalhatu ya kai su tasha, ya sauke akwatuna. Yaron ya ce, "Baba Ɗalla, sai mun dawo," ya bi yayarsa a guje da 'yar jakarsa a baya. Malam Ɗalhatu yana tsaye yana kallonsu har wani mai kula da motoci ya buga masa murfin mota ya ce yalla, wato ya yi gaba. Ya shiga ya ja. A Aziziya ya tsaya ya sayi shayin karak, ya sha a cikin mota. Yana da kwana bakwai ba aiki, kuma akwai maganar da yake ta juyawa tun dawowarsa daga hutu, ta komawa gida gaba ɗaya in kwangilarsa ta ƙare. Har yanzu bai yanke ba, amma ya riga ya sa Ismail ya tambayo masa yadda ake shiga layin motocin haya na Malumfashi zuwa Funtuwa.